Makullin Banɗaki

Shekara goma sha bakwai ina tuƙa taragon lantarki
a tuddan Lizbon, in hau Graça, in gangaro bakin kogi.
Na san inda dogo ke ƙugi da asuba,
na san kwanar da birki ke neman lallashi.
Amma wata tara ke nan wata taswirar nake haddacewa:
wane shagon gahawa ke da banɗaki a baya,
wane mai shago ke miƙo makulli ba tare da ya dubi fuskata ba.

Na ce gahawa ce, na bar ta.
Na ce gasasshen kifin Graciete ne,
ta yi kwana biyu ba ta ce min uffan ba.
Na ƙara wa bel ɗina huda biyu da ƙusa.
Ranar da na ga jini kuwa na ja ruwa da sauri,
kamar mai yaga wasiƙa don kada ya karanta.

Talata, hawa na uku, ɗaki mai warin sabulu.
Likita Filipa Quaresma ta juyo min allon na'ura.
Ga wani rami ja, mai laushi, yana sheƙi,
kamar hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa bayan an tashi aiki.
"Hanjinka ke nan, Anselmo.
Nan lafiya lau. Nan ma. Nan kuwa, dubi."
Na duba. Gyambo ƙanana, jere, fararen baki,
sun tsallake wani wuri, sun sake tsirowa can gaba.

Ta kira sunansa: Crohn.
Sunan wani mutum ne da ban taɓa ɗauka ba,
ga shi ya shigo, ya zauna kujerar gaba,
bai biya ko sisi ba, kuma sai ƙarshen layi.

Na ce me na ci?
Ta ce ba laifin tukunyar kowa ba ne.
Masu gadin jikinka ne suka ruɗe,
suna dukan katangar da aka ba su tsaro.
Na ce 'yata fa, muna shan ruwa kofi ɗaya.
Ta ce ku ci gaba da sha.
Na ce zai warke?
Sai ta ajiye biro.
"Yana lafawa. Yakan yi dogon barci idan an bi shi da magani.
Ƙaura ce dai ba ya yi."

Na fito da takarda huɗu da ranar allura.
Abin mamaki, ƙafata ta fi sauƙi a kan matakala.
Ashe rashin sani ya fi dare duhu,
abin da ke da suna ana iya yi masa magana,
ana iya ce masa yau dai ka bar ni in kai yamma.

Da dare Graciete ta karanta takardun har sau biyu,
ta ce, "To, ba kifina ba ne,"
sannan ta yi kuka a kan kwanukan wanki.
Ta sayo ɗan littafi mai shuɗin bango.
Muna rubutawa: miyar kabewa, shiru.
Wake, yaƙi. Shinkafa, shiru.
Ranar da na yi faɗa da mai duba tikiti, yaƙi,
alhali ban ci komai ba.

Jiya a ƙarshen layi na shiga wurin Dona Ermelinda.
Kafin in buɗe baki ta ciro makulli daga aljihu,
sabo, da jan zare a wuyansa.
"Naka ne, riƙe. Ɗana ma haka yake tun yana ashirin.
Tun hunturu na gane tafiyarka."

Yanzu yana rataye kusa da makullin tarago,
suna kaɗa juna a kowace kwana.
Na kaɗa ƙararrawa, na saki birki kaɗan kaɗan.
Gangara ce a gaba, mai tsawo,
ni kuwa gangara sana'ata ce.